Ranar da na sha ruwan Totil

Jiya da daddare ina ta goge hotuna a waya saboda ta cika, sai na ci karo da wani da na ɗauka a Kasala, wani gari a gabashin Sudan, a watan Janairun 2023, ɗan tulun jabana ne, wato na dafa gahawa, a kan garwashi, bayansa kuma ga dutsen Totil a tsaye. Wallahi na daɗe ina kallonsa. Shi ne na ce bari dai yau in zauna in rubuta labarin wannan yinin, don tun da muka baro Sudan ban taɓa ba wa kowa shi daga farko har ƙarshe ba, kullum gutsure-gutsure nake yi.

Lokacin ina karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartum, kuma akwai wani abokina da muke ɗaki ɗaya, Bahaushe ne amma haifaffen Kasala, babansa ma a nan aka yanke masa cibi. Hausarsa tas take sai dai tana tafiya yana yayyafa mata Larabci, yanzu zai ce maka "yalla mu tafi", anjima ya ce abincin nan "kwayyis" ne. Duk hutu sai ya ce in zo in ga jabal ɗinsu, ni kuma in ce to in sha Allahu, a raina ina cewa mutumin da ya tashi yana ganin Dala da Gwauron Dutse wane dutse kuma za a nuna masa. Sai wannan hutun ya matsa, ya ma sayo tikitin kafin ya gaya min.

Hanyar ba abin da zan ce a kanta sosai. Mun tashi daga Mina Barri, tashar motocin Khartum, bayan asuba, muka bi ta Madani, Gadarif, Khashm al-Girba, sama da kilomita 600, fili ne kawai shimfiɗe kamar tabarma har ka gaji da kallo ka yi barci ka farka ka tarar shi ne dai. Wajen la'asar ya taɓa ni ya ce duba gabanka. Kai jama'a. Duwatsu ne suka taso daga cikin filin nan ba tudu ba gangare a gabansu, kawai sun miƙe sama, kawunansu a mulmule sumul kamar malmalar tuwon da aka shafe da mara. Wanda ya san Kwatarkwashi ko Zuma zai ɗan gane abin da nake nufi, amma waɗannan a jere suke kafaɗa da kafaɗa, Taka da Totil da Awetila, ga kuma Mukram can gefe shi kaɗai. Garin kuma yana kwance a gindinsu.

Gidansu yana Garbal Gash, wato tsallaken kogi ta yamma. A tsakar gida muka kwana kan angareb, gadon igiyar nan nasu, da bargo don sanyin Janairu a can ba wasa yake ba da asuba. Da gari ya waye aka kawo shayi da madara da zalabiya mai zafi, sai aka ce Kaka na kira. Su habboba suke ce mata, ni na ce Kaka. Tsohuwa ce tukuf, 'yar ƙarama, tana zaune kan buzun sallah da carbi, na durƙusa na ce Kaka ina kwananku, kun tashi lafiya. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ta ce "to ga maigidana ya zo daga Kano bai ko kawo min goro ba", aka yi ta dariya. Sai ta hau tambaya, kasuwar Kurmi na nan tana ci? Har yanzu ana rini a Ƙofar Mata? Ana hawan sallah? Ina ba ta amsa tana gyaɗa kai kamar wadda ta baro garin bara, ashe ita ba ta taɓa ganin Kano da wayonta ba, a goye aka fito da ita. Duk sunayen nan a bakin mahaifiyarta ta ji su ta haddace.

Ta ce iyayenta aikin hajji suka fito da ƙafa da jakuna biyu, ta Borno, ta Wadai, suka shigo Darfur, in guziri ya ƙare a tsaya a yi noman damina ɗaya ko biyu a gonar mutane a ƙara gaba, ita har ta fara ɗaukar tulu kafin su iso nan. Niyyar su ƙarasa Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da suka zo gindin dutsen nan babanta ya ce "mu ɗan huta mu tara na jirgi". Ta yi shiru, ta ja carbi, ta ce "to hutun ke nan muke yi har yau ɗan nan". Shi bai samu zuwa ba, a nan aka binne shi, ita ce daga baya Allah ya kira ta ta je ta yi masa addu'a a Arfa. Da za mu fita ta ce in kun hau Totil ka tabbata ka sha ruwan rijiyar, wanda ya sha sai ya dawo Kasala.

Mu uku muka fita, ni da abokina da wani ƙanensa ɗan sakandare wanda shi ya fi mu sanin lungunan dutsen. Ba mu bi ta gada ba, ta cikin kogin muka ratsa da ƙafa, don Gash a wannan lokacin ba ko ɗigon ruwa, yashi ne fari fat mai faɗi, yara na buga ƙwallo, masu amalanken jaki na wucewa. In ba a gaya maka ba ba za ka yarda wannan ne kogin da suke kira mahaukaci ba. Daga duwatsun Eritiriya yake gangarowa, can Mareb suke ce masa, ruwan na zuwa ne da damina wajen Yuli zuwa Satumba, kuma yakan zo ne farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a garin ba. A 2003 ya ɓalle ya shiga gari ya rushe gidaje da yawa, abokina yana ƙarami lokacin amma ya ce bai manta daren da aka ɗauke shi a kafaɗa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kogin nan ba ya kaiwa teku, ba ya kuma shiga Nilu, arewa da garin wajen Aroma yake bajewa ƙasa ta shanye shi, a kan wannan damshin ake noma. Kuma ruwan da ya nutse ƙarƙashin yashin shi ne ran garin gaba ɗaya, shi ake jawowa da injin ana ban ruwan sawagi, lambunan da suka bi gaɓar kogin, ayaba, mangwaro, gwaba, lemo, garehul, albasa kuwa ba a magana.

Kasuwa muka fara shiga don a can za mu yi fatur, su Sudan ai karin kumallon gaske sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ful, dafaffen wakensu, aka zubo mana a babban kwano da man riɗi da albasa da cuku, muka sa hannu da burodi. Ina ci ina kalle-kalle. Ga Hadandawa da fararen riguna da 'yar shara a sama, wasu da takobi a rataye a kafaɗa kamar yadda kai za ka rataya jaka, wani da matajin itace soke a suma. Ga matan Rashayida da baƙaƙen kaya da ja, niƙabinsu ya sha ado da azurfa, su asalinsu daga Hijaz suka tsallako a ƙarni na 19. Ga Bani Amir, ga 'yan Eritiriya, ga namu. Ina tsaye ina kallon wani maƙeri yana wasa wuƙa sai na ji wata mata a bayana tana ce wa 'yarta "ke riƙe min kwanon nan mana", sai da na juya da sauri, na manta ba a Kurmi nake ba. Godogodo take sayarwa, abu ne kamar fura da nono, gero da kindirmo, duk Sudan sun san na Hausawa ne. Na sha kofi ɗaya, da ta ji daga inda nake ta ƙi karɓar kuɗi, na yi na yi ta ce "haba ɗana, kai baƙonmu ne".

Daga nan raksha muka hau, keke napep ɗinsu ke nan, zuwa Khatmiyya. Ita ce tsohuwar unguwar da ke manne da dutsen, kuma a nan masallacin yake. Gaskiya wannan wurin shi ne hoto ba ya iya ɗaukowa. Masallaci ne na jan tubali, babba, ginshiƙai jere-jere da bakuna a tsakaninsu amma ba rufi, sama ce rufin, ga doguwar hasumiya mai tsini, sannan dutsen ya tashi a bayansa kai tsaye, launin tubalin da launin dutsen kusan ɗaya har ka rasa inda ginin mutum ya ƙare. Muka cire takalma, yashin ciki da sanyi a inuwa da zafi a rana, tattabaru na ta shawagi. A gefe akwai ƙubbar Sayyid Hasan al-Mirgani wanda ya rasu a 1869, ɗan Sayyid Muhammad Usman al-Mirgani ne wanda ya kafa ɗariƙar Khatmiyya. Saman ƙubbar a buɗe yake, kana ciki kana ganin sama, mutanen garin kuma suna cewa ko ana ruwa ba ya sauka a kan kabarin. Wani dattijo da ke zaune a inuwar ginshiƙi ya ba mu labarin yadda aka lalata wurin zamanin Mahdiyya, don Mirganawa ba su bi Mahadi ba, kuma dakarun Mahadi sun ci garin a 1885 bayan doguwar kewaye. Garin nan ya ga hannaye da yawa fa. Sojojin Turkawa da Masar ne suka kafa shi a matsayin sansani wajajen 1840, Italiya ta karɓe a 1894 ta miƙa shi a 1897, ta sake shigowa a Yulin 1940 aka fitar da ita a Janairun 1941. Muka yi azahar a nan, na yi sujada a kan yashi rana na dukan ƙeyata, kuma ban taɓa jin natsuwa irin ta wannan sallar ba tun da na zo ƙasar.

Tsakar rana ba a hawan dutse ko da sanyi ake, dutsen na ɗaukar zafi kamar tanda. Sai muka koma wani lambu na abokin babansu muka kwanta ƙarƙashin mangwaro, ruwa na gudu a 'yar magudana kusa da kunnena, na yi barci mai daɗi. Bayan la'asar muka nufi Totil.

Ga wanda ke tsoron hawa, wannan ba wani abin tsoro ba ne in ba ƙololuwa ka nufa ba. Ƙololuwar kam ka bar ta, santsi ne da ita kuma a miƙe take, sai masu igiya da suka san aikin. Amma daga ƙasa akwai matakala da aka gina, kana hawa kana wuce rumfunan masu gahawa da aka kakkafa a tsakanin manyan duwatsu, an shafa wa duwatsun fenti kala-kala, an shimfiɗa tabarmi da 'yan kujeru. Tsofaffi na hawa, mata da goyo na hawa. Kuma ko'ina ka duba amare ne da angwaye, don Kasala nan ne wurin yawon amarcin 'yan Sudan, amarya cikin laffaya mai ɗaukar ido hannu da ƙafa sun sha lalle, ango ma da nasa lallen a hannu, ƙamshin humra na tashi duk inda suka gifta.

Rijiyar tana nan a tsakanin duwatsu, ba wata babba ba ce, mutane sun kewaye ta ana miƙa kofi. Ango ya ɗebo ya ba amarya, 'yan rakiya na guɗa. Da layi ya zo kaina na yi bismilla na sha, ruwan da sanyi da ɗan ɗanɗanon dutse, ƙanen abokina ya tafa ya ce shi ke nan ka zama namu, zan gaya wa habboba.

Inda matakala ta ƙare nan hawan gaske ya fara, shi ma ɗin dai a hankali ne, bin tsakanin duwatsu ne kawai, wani wurin ka dafa da hannu, wani wurin ka sunkuya ka bi ta ƙarƙashin wani ƙaton da ya jingina da ɗan'uwansa. Shawarata ɗaya, kar ka zo da silifas, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙo ruwa, kuma in kana da abinci a leda ka ɓoye shi don akwai gwaggon biri a wurin, mun ga garkensu a kan wani falale suna zaune suna kallonmu, wata uwa da ɗanta maƙale a ciki. Yaron ya ce kar a nuna musu yatsa kar kuma a tsare su da ido, a wuce kawai. Kamar minti arba'in muka yi muna tafiya muna hutawa har muka kai wani falalen dutse mai faɗi, ya ce nan ne wurinsa, in ransa ya ɓaci a gida nan yake zuwa.

Daga nan ne na ga Kasala gaba ɗayanta. Farin yashin Gash ya ratsa ta tsakiya kamar an ja zare, kore shar a gefensa biyu, daga koren sai gidaje, daga gidajen sai fili ja-ja har iyakar gani, ta gabas kuma duwatsun Eritiriya sun yi shuɗi-shuɗi. Hasumiyar Khatmiyya da ɗazu na ɗaga kai ina kallo yanzu tana ƙasa kamar tsinke. Abokina ya nuna min yamma, inda rana ke gangarawa, ya ce ta can su Kaka suka ɓullo. Sai na zauna ina ƙoƙarin ganin abin, mutum da matarsa da 'yar yarinya da jakai, shekara da shekaru suna tafiya a filin nan, sannan wata rana su hango wannan dutsen da wannan koren. Wa zai ga laifin wanda ya ce a ɗan huta?

A nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba duk zamanmu a ɗaki ɗaya. Ya ce Hausawan Sudan kala-kala ne, akwai na hanyar hajji irin nasu, akwai waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har suka kafa Mayurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, akwai kuma waɗanda aikin auduga na Jazira ya riƙe. Ya ce guminmu na cikin gonakin ƙasar nan daga Jazira har Gadarif har Gash, amma har gobe in rigima ta tashi sai wani ya ce mana baƙi. Watanni shida ke nan lokacin da rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda aka kashe Hausawa da yawa har mutanen Kasala suka fito zanga-zanga, kuma da yake maganar muryarsa na rawa. Ya ce "ni ban san wata ƙasa ba ya akhi, kakan babana yana kwance a ƙasan can, in ba nan ne gida ba to ina ne". Ban iya ce masa komai ba, na dafa kafaɗarsa kawai. Abin ya tsaya min a rai har yau, don mu a gida in an ce Hausawan Sudan iyakarmu mu ce Allah sarki, ba mu san su ba, su kuwa har sunayen ƙofofinmu suna riƙe da su.

Kafin duhu muka gangaro zuwa rumfar wani mai jabana, Bahadandiye ne dogo marar yawan magana. Wannan gahawar ba a yi mata gaggawa. A gabanmu ya soya 'ya'yan a ɗan kasko har suka yi baƙi suna ƙyalli, ya zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ya zuba a ƙaramin turmi ya daka da citta, tabaryar ƙarfe na bugawa kamar kiɗa, sannan ya ɗura a tulun yumɓun nan mai dogon wuya ya ɗora a garwashi. In ta taso sai ya sauke ya juye a wani ɗan gwangwani ya mayar, ya sake ɗorawa. Ya cusa ɗan zaren kaba a bakin tulun don ya tace, ya jera finjalai 'yan mitsi-mitsi da sukari a gindinsu, ya jefa turare a wuta, ya ajiye mana gugguru a faranti. Ya ɗaga tulun sama ya tsiyayo ba tare da ko ɗigo ya zuba a tire ba. Kurɓar farko cittar ta kama min maƙogwaro, ta biyu na ji duk gajiyar ƙafata ta sauka. Lokacin ne na ɗauki hoton. Muna cikin zagaye na biyu dutsen ya koma ja kamar garwashin da ke gabanmu, sai kiran magariba ya fara tasowa daga ƙasa, wannan masallaci ya ɗauka wancan ya karɓa, har garin ya cika.

A hanyar gida muka tsaya wajen mai agashe, tsire ne dai namu da ƙuli da yaji, sunan ma daga "a gashe" ya fito, kuma duk Sudan da haka suka san shi. Na sayi na Kaka daban, mai laushi, na haɗa mata da goron da na samo a kasuwa. Ta karɓa ta ce yanzu ka cika maigida. Ta ce ka sha ruwan? Na ce na sha Kaka. Ta ce to madalla.

Wata uku bayan nan, ranar 15 ga Afrilu, muna cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ba zan ba da labarin kwanakin nan a nan ba. Motar da ta fitar da mu zuwa Bur Sudan ta Madani da Gadarif ta bi, ban ma san ta nan za mu bi ba sai da na ɗaga kai daga kujera da hantsi na hango kawunan duwatsun. Abokina yana gida tun farkon azumi, na samu layi da ƙyar na kira shi na ce mun tsaya neman mai a bakin gari, ba za mu daɗe ba. Ko rabin awa ba a yi ba sai ga shi a raksha da ƙanensa, da nonon ayaba guda da ledar burodi da jarkar ruwa, muka rarraba wa 'yan motar, akwai waɗanda tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Muka rungume juna, ya ce habboba ta so zuwa ƙafa ce ta hana ta, amma ta ce in gaya maka ai ta faɗa maka za ka dawo, kuma in ka isa ka gaida mata Kano, ka je Kurmi ka ce 'yarsu na gaishe su.

Direba ya yi ham. Na koma kujerata ta jikin taga, muka ɗauki hanyar Aroma, su biyun suna tsaye a bakin titi suna ɗaga hannu, ni kuma na juya wuya ina kallon dutsen har ƙura ta rufe shi.